Kwantena ta farko da sunana: a fara loda kaya ko a fara takardu?

Abba_MaiKeke:
Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu shigo da kaya ina neman haske. Na saba sayo kekunan ɗinki ta hannun masu kargo, in biya su kuɗin awo su sauke min a Sabon Gari, to yanzu kayan sun yi yawa har na haɗa kwantena ƙafa 20, kekunan ɗinki ne na lantarki irin na teloli masu shago, da injin monogram biyu, da ƴan kayan gyara. Mutumin da nake saya a wajensa a birnin Gwanzu na Chaina ya ce kaya sun haɗu in turo masa lambar Fom M. Shi kuma ejan ɗin da aka haɗa ni da shi a Legas cewa ya yi kar in damu a lodo kayan kawai, kafin jirgi ya iso zai gama komai. To wa zan bi? Waɗanne takardu ne dole? Sannan da gaske ana iya kawo kwantena har Kano a buɗe ta a nan ba sai a Apapa ba?

DanKwari77:
Wa alaikumus salam. Kar ka kuskura a loda. Ɗan Chainan nan ya fi ejan ɗinka son ka.

Baba_Ejan:
Abba ɗana, zauna ka ji, wannan aikin na tsufa a cikinsa tun kafin kwastam su karɓi aikin tantance kaya daga hannun kamfanonin da ke ba da RAR, wato rahoton tantance kaya na wancan lokacin, a ƙarshen 2013. Fom M, wato takardar da mai shigo da kaya ke cikewa ya bayyana abin da zai shigo da shi, ita ce farko, kuma kafin kaya su hau jirgi ake buɗe ta, ba bayan sun taso ba. Ta banki ake bi. Abin da bankin zai nema a wajenka: rijistar kamfaninka ta CAC, lambar haraji TIN wadda aka tabbatar tana aiki a shafin shigo da kaya, furofoma invois, wato lissafin kaya da farashinsu na share fage, daga mai sayar maka, takardar inshorar kayan, sai kuma takardar hukumar da kayan suka shafa. Inshorar nan dole ta kamfanin Najeriya ce, ko da ɗan Chaina ya ce maka ya yi tasa, kuma ana yin ta ne a kan kashi 110 na kuɗin kaya da na dakon jirgi. Banki ya duba ya tura, kwastam su yi mata rijista, a sannan ne za ka tura wa mutuminka lambar, shi kuma ya rubuta ta a jikin invois na ƙarshe da fakin lis, wato jerin abin da ke cikin kwalaye, da BL, wato takardar shaidar lodi ta kamfanin jirgi. Ka ga dalilin da ya sa yake tambayarka ke nan, mutumin ya taɓa turo kaya Najeriya. Bayan jirgi ya taso sai takardun nan na ƙarshe su zo banki, banki ya ɗora su, kwastam su fitar da PAAR, wato rahotonsu na tantance kaya kafin su iso. Sai da PAAR a hannu ejan zai shigar da bayanin kaya a na'ura, ta fitar da abin da za ka biya, ka biya, a duba kaya, a sake su. Bayan nan ma da saura, kamfanin jirgi da tamina, wato filin da ake ajiye kwantena a tasha, kowa da nasa lissafin kafin mota ta fita ƙofa.

Abba_MaiKeke:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Takardar hukumar da ka ce, keken ɗinki ma yana da hukuma?

Baba_Ejan:
Yana da ita mana. Tunda akwai moto na lantarki a jiki kuma sayarwa za ka yi, ka ɗauka SON, hukumar kula da ingancin kaya, ta shafe ka. Takardu biyu ne kuma mutane na yawan haɗe su. Akwai ta samfurin kaya, PC, ita ake ɗorawa wajen buɗe Fom M. Akwai ta wannan lodin kaɗai, SC, ita ake nema wajen PAAR. Dukansu a can ƙasar da kayan suke ake yin su, ta hannun kamfanonin da SON ta amince da su irin su SGS da Intertek. To in kwantena ta riga ta hau ruwa wa zai duba maka kayan a can?

Sani_Singa:
Ni fa ina ganin ana tsorata yaron nan ne kawai. Mutane nawa ne a kasuwar nan ake lodo musu kaya sai daga baya a buɗe fom, kuma kaya su fito lafiya? Jirgi daga Chaina fa sai ya yi sama da wata a ruwa, lokaci ya ishe shi.

Sadiq na Banki:
Alhaji Sani ranka ya daɗe, waɗanda suka fito lafiya su kake ji, waɗanda tasu ta maƙale ba sa zuwa majalisa su ba da labari. Ni a teburin nan nake aiki. Matsalar ba tsawon tafiyar jirgi ba ce, kwanan wata ne. BL tana ɗauke da ranar da aka loda, Fom M tana ɗauke da ranar da aka yi mata rijista, in ta BL ta riga ta fom kowa ya gani an saɓa ƙa'ida, daga nan sai rubuce-rubuce da neman alfarma da tara. Sannan abin da ya fi wannan: idan aka zo buɗe fom aka ga kayan na buƙatar wata takarda da ba ka da ita, ko lambar HS ɗin da ke furofoma, wato lambar rukunin kaya ta kwastam, ba ta dace ba, in kaya na ƙasa a Gwanzu gyara ne na waya, ka ce a sake turo furofoma, magana ta ƙare. In suna ruwa kuwa jirgi ba zai tsaya jiranka ba, zai sauke kwantenar, kwanakin kyauta su ƙare, damarej, wato kuɗin jinkirin kwantena na kamfanin jirgi, da kuɗin ajiya na tamina su fara hawa kullum har ranar Lahadi.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai Abba in za ka ji shawarar uwa, me ya raba ka da masu kargon? Shekara da shekaru ina kawo leshi da shadda da mayafai daga Dubai da Chaina ban taɓa ganin kalar wata Fom M ba. In ba su kaya, su auna, su faɗi kuɗi, su kira ni in turo yara da a-kori-kura. Hawan jinin da zan samu a kan takarda gara in biya su ribarsu.

Malam Ƙofar Ruwa:
Hajiya Allah ya ƙara sutura, amma kwanciyar hankalin nan taki aro ce. Ni na gani a jikina. Na taɓa ba wa wani mai kargo kayan gyaran mota, ya haɗa da na mutane da yawa a kwantena ɗaya, duk takardun da sunan kamfaninsa. Ashe wani a cikinmu ya cusa kayan da aka hana shigowa da su a tsakiyar nasa, kuma abin da aka rubuta a takarda daban abin da ke ciki daban. Aka tare motar a hanya tun kafin ta iso Kaduna, aka riƙe kwantenar gaba ɗaya. Na tashi zan je in ce ga nawa halas ne, sai aka tambaye ni shaidar cewa ina da kaya a ciki, abin da ke hannuna rasit ne na mai kargo mai tambarin shagonsa, babu sunana a BL babu a PAAR babu a takardar biyan kuɗin fito. A idon hukuma ni ba ni da ko ƙusa a motar. Shi kuma mai kargon ya daina ɗaga waya. Tun daga ranar nake cewa duk wanda kayansa suka kai cika kwantena ya yi da sunansa, in an tare ka ka zaro takarda ka nuna.

Hajiya Mai Atamfa:
Subhanallahi, Allah ya mayar da alheri Malam. Amma ai wannan rashin sa'ar mai kargo ne, nawa mutumin kirki ne tun mahaifinsa muke hulɗa.

DanKwari77:
Hajiya mutumin kirki ne amma ba shi ke buɗe dilar kowa ya gani ba. Gwanjo ma kaɗai in aka cusa ya isa ya ja wa kowa, tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, mutane na mantawa saboda sun cika Ƙofar Wambai.

Ummi_Turare:
Tunda ana maganar hukumomi, mu masu turare da man shafawa da sabulu NAFDAC ce tamu ba SON ba, haka masu kayan ci da sha da magani da sinadarai. Na faɗa ne saboda Abba ya ce akwai kayan gyara, to in mutuminka ya ce zai ƙara maka da galan-galan na man keke kyauta ka tambayi ejan tukuna. Abin kyauta shi ke riƙe kwantena.

Baba_Ejan:
Ummi kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Bari in faɗa muku abin da ya fi riƙe kaya a tashar nan, ba rashin kuɗi ba ne, takardu ne da ba sa magana da baki ɗaya. Fom M ta ce abu kaza, invois ya ce wani abu, fakin lis ya ce kwali kaza, BL ta ce wani adadin, nauyin da ke nan bai yi daidai da na can ba. Sunan kamfani a CAC da Nig. Ltd a ƙarshe, a BL an yar da shi ko an juya harafi ɗaya. Kai a wajenka ƙaramin abu ne, na'ura kuwa ba ta san ƙaramin abu ba, kuma gyaran suna a BL da manifes, wato jerin kayan da jirgi ya ɗauko, bayan jirgi ya taso sai ka bi ta kamfanin jirgi ka biya ka jira. Don haka Abba ka ce wa mutuminka kafin a fitar da BL ta gaske ya turo maka samfurinta, ka zauna da biro ka bi ta layi-layi da Fom M ɗinka a gefe: suna, adireshi, lambar fom, lambar kwantena da ta sil, yawan kwalaye, nauyi, tashar sauka. Kuma kar ka yarda ya rubuta maka kayan inji kawai a wajen bayanin kaya. Kowane abu da sunansa da samfurinsa da adadinsa da farashin ɗaya, kuɗin kaya daban kuɗin dakon jirgi daban, da ƙasar da aka ƙera. Kyautar da ya ƙara maka ma a rubuta ta, in an buɗe aka ga abin da ba ya takarda sunansa ɓoye kaya.

Injiniya_Sharaɗa:
In ƙara a kan na Baba. Keken ɗinki da injin monogram ba lambar HS ɗaya suke ba ko da yake duk a shagon tela ɗaya za su zauna. Keken ɗinki yana ƙarƙashin 8452, a nan ma na gida daban na masana'anta daban. Injin da ke yin ado da zare yana ƙarƙashin 8447. Moton da aka sayo shi kaɗai ba a jikin keke ba ya koma 8501. Lambar da ɗan Chaina zai ba ka shida na farko ne kawai ya dace da namu, sauran na ƙasarsu ne, mu a nan lamba 10 ake cikewa daga jadawalin ECOWAS. Kuma lambar ita ke yanke ko za ka biya 0 ko 5 ko 10 ko 20 ko 35 cikin ɗari, a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da dako. Sai VAT 7.5 da 0.5 na ECOWAS su hau. Cajin kwastam na kashi 4 na kuɗin kaya ɗin nan da aka yi ta rigima a kansa a 2025, a sa a dakatar, shi ma ka tambaya ka ji matsayinsa a ranar da za ka biya kafin ka yanke farashin da za ka sayar.

Yaron Farm Centre:
Oga ni lissafin nan ya fi ƙarfina wlh. Mu ta jirgin sama muke kawo waya filin jirgin Malam Aminu Kano, na ji an ce yanzu in kaya ba su wuce dala 300 ba babu kuɗin fito, da gaske ne?

Sadiq na Banki:
Da gaske ne, a Satumban 2025 aka fara, amma na ƙananan saƙonni ne da kayan matafiyi, kuma sau huɗu a shekara. Ba an ce ka yanka kwalin wayoyi gida ashirin ka turo da sunayen ƙannenka ba.

Yaron Farm Centre:
Kai Oga kamar kana cikin zuciyata 😂

Sani_Singa:
To ni bari in faɗi abin da kowa ke yi amma ba a faɗa. Wa ke rubuta farashin gaskiya a invois? In ka rubuta gaskiya maƙwabcinka ya rage rabi, ku zo kasuwa ɗaya, ta yaya za ka sayar? Ejan ɗin da ya ce wa Abba kar ya damu wataƙila abin da yake nufi ke nan, ya san hanya.

Malam Na Gwale:
Alhaji Sani ka ji tsoron Allah. Ana iya yin muhawara a kan yawan harajin, ni ma ina ganin ya yi nauyi, amma ka sa a rubuta ƙarya ka sa hannu a ƙasa cewa gaskiya ce, wannan ba ya buƙatar dogon karatu. Kuma yaro ne yake farawa, kar a ɗora shi a kan wannan.

Sani_Singa:
Malam ni ban ce ya yi ba, na ce ana yi.

Baba_Ejan:
Ana yi, kuma ana kamawa. Ku bar ma maganar lahira tukuna. Kwastam suna da tarihin farashin da aka shigo da irin kayan nan a baya, in naka ya faɗi ƙasa sosai tun a PAAR za su ɗaga shi, ka ga ka yi ƙarya kuma ka biya. In ya wuce nan aka kai layin ja, inda ake duba kaya ido da ido, aka buɗe, ko wani sashe ya sa wa kwantenar alat, sai a buga maka DN, wato takardar neman cikon kuɗin fito, ka cika ragowar, kwantena na zaune damarej na tafiya. Ko bayan kaya sun fita suna da ikon bin diddigi su dawo kan takardun. Kuma sunan wa ke jiki? Na Abba da TIN ɗinsa, ba na ejan ba. Abba ka tambayi ejan ɗin nan lasisin wane kamfani yake aiki da shi, da yawa a bakin tasha ba su da lasisi aron na wani suke. Kuɗin fito kuma kar ka tura asusun kowa, ka karɓi takardar lissafin da na'ura ta fitar ka biya da kanka a banki ka riƙe rasit.

Abba_MaiKeke:
Wallahi na ƙaru. Saura maganar kawowa Kano, ba wanda ya taɓa ta.

Injiniya_Sharaɗa:
Tashar tsandauri ta Dala tana Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, Buhari ya buɗe ta a Janairun 2023, kuma an ba ta matsayin tashar da kaya za su iya tasowa daga ita ko su sauka a ita. Kaduna na da tata tun 2018, Funtuwa ma an buɗe. Amma ba wai kwantena ta iso Apapa sannan ka ce a miƙo min Kano ba. Tun a Fom M da BL za a rubuta cewa Kano ce inda kaya za su ƙare, kuma sai kamfanin jirgin ya yarda ya rubuta hakan. A sannan kwantena za ta taso daga bakin ruwa da sil ɗinta ƙarƙashin kulawar kwastam, a zo nan a buɗe a gabanka, jami'an shiyyar Kano da Jigawa su duba. Ka ga wannan ma wani dalilin ne na kar a loda kafin ka yanke shawara.

DanKwari77:
Daɗinta kana tsaye za a buɗe, ba ejan ya kira ka daga Legas ya ce an ce a kawo kaza ba kai kuma ba ka da idon gani. Amma ka yi lissafin dako da kuɗin mayar da kwantenar da babu komai bakin ruwa, don ajiyar da ka bari a kamfanin jirgi ba za ta dawo ba sai kwantenarsu ta koma, in ta daɗe a hanya daga ciki za su yanka.

Malam Ƙofar Ruwa:
Ni har yanzu ta tashar Onne ta jihar Ribas nake bi. Kowa da inda ya saba. Da jirgin ƙasan Kaduna zuwa Kano ya kammala da sai a yi wata maganar.

Ummi_Turare:
Sabuwar na'urar nan ta kwastam B'Odogwu fa, ta canja takardun ne? Ejan ɗina kullum da ita yake fakewa.

Sadiq na Banki:
Takardun suna nan yadda suke Hajiya Ummi, wurin shigar da su ne ya canja. Ita ta gaji tsohuwar na'urar NICIS II, an fara gwada ta a tashar PTML ta Legas a ƙarshen 2024 zamanin shugaban kwastam Bashir Adewale Adeniyi, daga baya aka yaɗa ta sauran wurare. An sha kuka a kafafen labarai kan tsayawar netwok lokacin sauyin, wannan gaskiya ne. Amma in ejan ya ce na'ura ce ki ce ya turo miki hoton inda aikin ya tsaya, sau da yawa za ki ga wata takarda ce bai ɗora ba. Abba kai kuma ka je reshen bankinka ka nemi masu kula da harkar shigo da kaya tun yanzu a duba TIN ɗinka, akwai wanda sunan da ke TIN da na CAC da na asusu ba su zo ɗaya ba kuma bai sani ba sai ranar buɗe fom. Ka faɗa musu kuma ta yaya ka biya kuɗin kayan, don fom ɗin da banki zai nemo maka dala daban take da wadda ka biya da dalarka.

Injiniya_Sharaɗa:
Wani abu da na manta, injinan monogram a akwatin katako suke zuwa. Ka ce katakon ya zama mai tambarin ISPM 15, wato an gasa shi ko an yi masa feshi, masu kula da tsirrai a tasha suna dubawa. Littafin inji da rubutun jikin kwali kuma su zo da Turanci ba Sinanci zalla ba. Takardar asalin kaya ma kar a manta da ita.

Hajiya Mai Atamfa:
Kun ji ko? Katako ma sai da takardarsa. Abba ka lissafa duk abin da suka jero maka, inshora, SON, ejan, tamina, kamfanin jirgi, tirela, ka kwatanta da abin da mai kargo zai caje ka a kan kayan nan, sannan ka sa kuɗin barcinka a kai. In ribar ba ta taka kara ta karya ba ka koma inda ka saba.

Abba_MaiKeke:
Hajiya na fara lissafin tun ɗazu, a kan kwantena guda bambancin ba kaɗan ba ne, kuma ina son sunan kamfanina ya fara shiga na'ura. Na tura wa na Gwanzu saƙo ya dakata da lodi ya sake furofoma ya raba kekunan da injinan da kayan gyaran kowanne a layinsa. Baba, ejan ɗin kuma da na tambaye shi lasisi sai ya ce wai ban yarda da shi ba ne.

Baba_Ejan:
Ka ce masa eh.

Sani_Singa:
Ku dai bi a hankali, in kuka kore shi wanda za ku samu ma ɗan tashar ne. Kuma ɗan Chaina ba zai riƙe maka kaya a sito kyauta har ka gama zaryar SON ba, ka tambaye shi nawa zai caje ka a sati kafin ka ce ya dakata.